Makon da Kishimi Ke Haukacewa

Ranar sadakar ukun Kawu sai da Liman ya tsawatar mana har sau biyu. Falon nan na hawa na tara a Concourse Village ya cika maƙil, takalma sun taru tun daga bakin ƙofa har wajen lif. Mata suna ciki wurin Inna, matar marigayin, mu kuma maza mun jeru a kan darduma muna amsa gaisuwa. An fara yadda aka saba, kowa ya shigo ya yi addu'a a shafa, ya nemi gefe ya sunkuyar da kai. Can sai wani mutumin Nijar mai tebur a Canal Street ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce, "Wallahi tun da na baro Yamai ban ci nama irin na tsohon ga ba."

Shi ke nan ya ɓalle mana baki. Daga ciki wata 'yar Kumasi ta ɗaga murya ta ce, "Kilishinsa fa? Kai, ya yi daɗi paa!" Wani dattijo ɗan Kafanchan, ma'aikacin asibiti da ya taso tun daga Soundview da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya miƙe tsaye ya ce sai ya nuna mana yadda Kawu ke sanɗa. Ya duƙa, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya cak yana shinshina iska, falo ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wato taubashin Kawu, ɗan gwaggonsa, wanda ya fi kowa tsokanarsa a duniya. Shi kam ya rufe fuska da hula yana kuka kamar ransa zai fita.

'Yar autar Kawu, wadda aka haifa a nan Bronx, ta ja ni gefe ta tambaye ni da Turanci me ake wa dariya a gidan mutuwa. Tambayar ta tsaya mini a rai. Ita abin da ta sani, babanta tsoho ne mai gadin motoci da ke son zuwa daji. To wannan shi ne ainihin abin da Kawu ya yi shekaru yana tsoro, ya mutu a ce mai gadin motoci ya rasu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A ƙauyenmu na gefen dajin Falgore kakanmu ne Sarkin Baka, kuma Kawu da kwari a kafaɗa ya girma. Ya zo New York yana neman shekara hamsin, ya sami aiki a wani garejin ajiye motoci da ke ƙarƙashin ƙasa a Manhattan. Bai taɓa raina aikin ba, da shi ya ciyar da gida ya aurar da 'ya'ya. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, amsa ɗaya ce. "Ni maharbi ne. Motocin nan aron hannuna suka yi."

Kuma jikinsa ma bai yarda ya bar daji ba. In ya fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ya tsaya a bakin matakala ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ji inda iska ke kaɗawa, mutane na bangazarsa ko a jikinsa. Tafiyarsa ba ta da ƙara, har Inna ta yi rantsuwa za ta ɗaura masa ƙararrawa don yawan firgita ta da yake yi a kicin. In ƙanƙara ta sauka, zai dubi sawun kare a bakin titi ya gaya maka na wane hawa ne, kuma ya ci ya ƙoshi ko bai ci ba. Taubashinsa ya raɗa masa suna Sarkin Bakan Ɓeraye, wai ai su kaɗai ne namun dajin garejinsu. Kawu yakan yi dariya ya rama, amma ni da ke kai shi gida a motata na san sunan yana cin sa.

Wata rana wani tsohon Bature ya kawo mota gareji gabanta a lotse. Kawu ya zagaya ta, ya tsinci gashi a jikin fitila, ya murza ya shinshina, sannan ya gaya wa mutumin da ɗan guntun Turancinsa cewa barewa ya buge, namiji ne, babba, kuma daga dama ya fito da gudu. Bature ya saki baki. Ashe gonar tuffa gare shi can arewa da gari, tafiyar awa ɗaya, kuma bareyi sun addabe shi. Ya ce in dai Kawu ya yi lasin, daji nasa ne.

Ni na yi masa tafinta a ajin lasin, kuma na sha wahala. Da aka ce ba a sa wa kibiya dafi sai da ya sa na sake tambaya ko ni ne ban ji daidai ba. Da aka miƙo masa bakan nan nasu mai 'yan wilaye a kai da gindi, ya juya shi ya ce, "Wannan keke ne ko baka?" Amma ya ja sau uku, uku suka shige tsakiyar allo, malamin ya cire tabarau ya goge. Abu ɗaya na yi ta roƙonsa ya bari, wato kan burtu da ya sassaƙa da katako zai ɗaura a goshi ya yi rarrafe irin na gida. Bai ji ba. Barewar Amurka kuwa ba ta taɓa ganin burtu ba, da ta hango shi ta yi tsalle ɗaya ta bar unguwar. Daga ranar bai ƙara ɗaurawa ba, kuma ya hana ni faɗa, sai yau.

Akwai dokar da ya gada daga kakanmu, wadda bai yarda ta tsaya a filin jirgi ba. Mace ba ta yi wa maharbi maganar farauta. Ba ta tambayar ina za shi, ba ta ba shi shawara, ko Allah Ya ba da sa'a ba ta cewa, don wai daji zai rufe. Ni dai ban taɓa ganin kan wannan doka ba, amma ban isa in faɗa ba. Inna kuwa ta riƙe ta tun tana amarya. Ita aikinta jinyar wata tsohuwar Baturiya ne a wani gida da ke bakin kurmi a Westchester, takan kwana uku can, huɗu a gida. In ta ga ya fito da kayan daji sai ta zuba masa shayi a fulas ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma ciki bakinta alaikum.

A shekarar dubu biyu da goma Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar Nuwamba. Hutun mako ɗaya Kawu ke samu a shekara, kuma kullum a Sallah yake ɗaukarsa. Washegarin Sallah muka yi sammako zuwa gonar tuffa. Jama'a, abin da muka tarar! Dajin gaba ɗaya ya rikice. Kishimi, wato namijin barewa, dabba ce mai wayon tsiya, sai ka yi wata ba ka ga ko ƙahonsa ba. Amma ranar nan ga su da rana tsaka suna tsallaka hanya, wuya ya kumbura, hanci a ƙasa, suna bin mata ba ji ba gani. Wari kuwa kamar an tara bunsuraye. Kawu ya damƙe hannuna ya raɗa mini, "Barbara suke! Ɗana, barbara suke! Yau ko ganga ka buga ba su ji."

Kafin hantsi ya kayar da wani ƙato mai ƙaho rassa takwas. Muka ɗaure shi a saman motata da takardar lasin a kunne, muka gangaro Grand Concourse ina tafiya a hankali bisa umarninsa, ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannu a taga. Masu bas suna danna ham, masu shago suna fitowa da waya a hannu, wata mai jin Sifaniyanci ta yi alamar gicciye. Da muka iso, mutum shida suka kama aka cusa shi a lif, ƙaho na karce rufi. Taubashi ya leƙo, ya duba, ya ce ai wannan da gani mota ce ta buge shi. Kawu ya zaro kibiyar da jininta ya miƙa masa ya ce, "Ga lambar motar."

Kwana uku gidan nan yana ƙamshi. Ya yi kilishi a tandar kicin har na'urar hayaƙi ta tayar da hawa biyu, aka shanya saura a matakalar ƙarfe ta bayan taga. Yadda yake rabo ne ba zan manta ba. Ba da manya yake farawa ba, da waɗanda ke zaune su kaɗai yake farawa, gwauraye da sababbin zuwa da waɗanda iyalinsu ke gida. Dattijon nan na Kafanchan a watan ne matarsa ta rasu, ya daina girki, ya daina fita sai aiki. Kawu ya sa na kai shi Soundview da tukunyar farfesu a cinya. Ya zauna ya ce shi ba ya iya cin abinci shi kaɗai, a taimake shi. Sai da ya ga tukunya ta koma wanke sannan ya tashi, kuma duk Lahadin hunturun nan haka ya yi.

Shekara ta zagayo, Sallah ta faɗo farkon Nuwamba, muka koma, ya sake kayar da wani. A nan ne matsala ta samo asali. Kawu ya tsaya a majalisar bakin masallaci ya sanar cewa ya gano lissafinsu. "Makon Sallah suke barbara. Watan layya ne, duk dabba jininta yana motsawa." Ya zo gida ya zagaye makon da jan biro a kalandar masallaci.

Kada ku ce Kawu bai san Sallah na ja da baya kwana goma sha ɗaya duk shekara ba. Ya sani sarai, cewa ya yi tare suke ja, don dabba da wata take lissafi. A gida ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, domin can ba ya duba takarda, ciyawa yake dubawa da ganyen itace da raɓa. To mutumin da ke shiga rami da safe ya fito da almuru, wace ciyawa zai duba? Kalandar nan ita kaɗai ce abin da ya rage masa na sanin lokaci. Kuma ta ba shi nama sau biyu. Ni ma na yarda, har gardama na yi a kai.

Shekara ta uku Sallah ta zo ƙarshen Oktoba, muka ga 'yan alamu amma ba mu samu ba, sai ga babbar guguwar nan da ta cika tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwa. Kawu ya ce ita ce ta ɓata lissafi, kowa ya yarda. Shekara ta huɗu muka tarar da ganye bai gama zuba ba, daji shiru, kishimai sun shige sarƙaƙiya sun yi lamo. Matan bareyi da 'ya'yansu suna wucewa ta gabansa, amma shi ba ya harbin uwa. Ta biyar kuwa har sauro ya cije mu, muna zufa cikin rigunan sanyi, muna dawowa mota fayau.

Taubashi ya samu abin yi. Duk ranar da za mu dawo sai ya jira mu a ƙofar gini da wani ƙaton baho da wuƙa a hannu yana wasawa. Ya leƙa saman mota, ya leƙa but, ya ce, "Sannu da zuwa Sarkin Baka, ko a aljihu ka sa shi?" Wasa ne na taubasai, ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma Kawu ya fara ramewa. Ya rage zama a majalisa, in an idar da salla sai ya zame. Ga kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo, likita ya ce jan baka ya kusa gagararsa. Wallahi na ji tausayinsa har ina jin haushin bahon nan.

A hanyar dawowa ta shekara ta biyar na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, mai gonar nan fa ya ce mu riƙa zuwa a Nuwamba."

"Wa ya ce?"

"Baturen."

"Baturen da barewa ke cinye masa gona yana kallo? Shi zai koya mini daji? Kai kuma da ka ɗauko maganar, tun yaushe ka san gaban barewa da bayanta? Ka riƙe sitiyarinka, ka bar mini dajina."

Mako biyu bai amsa gaisuwata ba sai da kai. Ni ma na yi fushi, na ce can ta matse masa.

Sai shekara ta shida ta zo da abin da ba mu zata ba. Sallah ta faɗo a Satumba, kafin ma hukuma ta buɗe farauta. A cin naman layya Taubashi ya ce to bana barewa ta yi barbararta ba lasin. Aka yi dariya, Kawu bai yi ba. Ya miƙe a gaban Liman da kowa da kowa ya ce, "Ku shaida. In shekarar nan ta ƙare ban kawo nama gidan nan ba, na ajiye baka har abada. Kada wanda ya ƙara kirana maharbi, ko a bayan raina." Dariya ta ɗauke. Shi kansa Taubashi ya ce haba ɗan'uwa wasa ne, amma magana ta riga ta fita. Da aka buɗe daji ya ƙarar da hutunsa kaf a gonar tuffa, ya dawo ba ko gashi. Ya sa baka a akwatinsa ya tura ƙarƙashin gado, ya ce mini kada in ƙara ɓata mai.

Ana nan aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, yadda ake yi a nan farkon Nuwamba. Cikin makon Inna ta kira ni daga wurin aiki.

"Ɗana, ranar Lahadi ƙafata za ta yi ciwo."

Na ce, "Inna, za ta yi, ko tana yi?"

"Za ta yi, da la'asar. Ka ɗauko kawunka ku zo ku ɗauke ni, ba zan iya hawa jirgi ba."

Da na matsa mata sai ta rage murya ta gaya mini. Shekara tara ke nan tana wanke-wanke a tagar kicin ɗin tsohuwar nan, tagar kuma tana kallon kurmi. Duk shekara, in dai ta hau kujera ta mayar da agogon bango baya, to bayan mako ɗaya kishimai za su haukace a bayan gidan, ko Sallah na kusa ko tana nesa. Na ce Inna, shekara huɗu kina kallonmu muna dawowa da sauro?

Ta ce, "To ya zan yi? Shekara talatin da biyar ban karya masa doka ba. In na faɗa bai samu ba, ni na rufe daji. In na faɗa ya samu, naman ba zai yi masa daɗi ba. Kai da kake namiji ka faɗa, me ka samu? Ku dai zo. Idonsa zai gaya masa."

Ranar Lahadi muka isa da la'asar sakaliya, Kawu yana ta mita a kan matan zamani da ciwon ƙafa. Inna ta fito tana ɗingishi har da dafa bango. Ta ce ta manta jakarta a kan bencin bayan gida, don Allah Malam ya taimaka. Ya tafi yana gunaguni, ita kuma ta ja ni kicin muka tsaya a taga.

Taku goma ya yi ya tsaya cak. Gabansa wata 'yar bishiya ce an saɓule mata ɓawo, farin jikinta ɗanye sharaf, inda kishimi ya goga ƙaho. Ya shafa, ya kai hanci. Ya matsa gaba ya durƙusa a inda aka tone ƙasa da kofato, ya dumbuzi ƙasar ya shinshina, na ga bayansa ya miƙe. Sai kurum kurmi ya dare. Barewa ta fito a guje, ga wani ƙaton kishimi a bayanta, wuya kamar turmi, baki a buɗe, suka wuce ta gabansa har ganye na watsuwa a rigarsa. Ko kallo bai ishe su ba. Hular Kawu ta faɗi bai sani ba. Ni kuwa a kicin na yi tsalle har na buge tukunya, Inna ta make ni ta ce tsohuwa na barci.

Bai taho nan da nan ba. Ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana duba tsofaffin tabo, na bara da ya yi baƙi, na bara waccan da ɓawo ya fara rufewa. Sannan ya juyo a hankali ya dubi tagar kicin. Inna ta saki labule.

Ya shigo mota da jaka a hannu, numfashinsa na fita sama-sama, ya ce, "Yau nawa ga watan Bature?" Na gaya masa. Ya yi ta ƙirga da yatsu yana motsa baki, ya koma shekarar farko, ya dawo ta biyu, sai ya dafe kai ya ce, "Kai! Kai! Kai! Ba wata suke bi ba, rana suke bi. In yini ya gajarta ne!" Ya yi dariya har da tari, ya bugi cinyata ya ce in taka mota. Mun kusa shiga Bronx ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Hajiya, da muka zo ƙafar hagu ce. Da za ki shiga mota na ga ta dama."

Inna ta ce, "Ciwon yawo yake."

Hutu ya ƙare, Lahadi ɗaya ce tak a hannunsa kafin masu bindiga su cika daji su tarwatsa komai. Makon nan Kawu ya koma yaro. Yana shafa man zafi a kafaɗa yana waƙa, ya rataye kayan dajinsa a waje don kada su ɗauki ƙamshin miya, ya hana kansa turare har ranar Juma'a. Sau biyu yana kirana a wurin aiki don kawai ya tambaye ni ko na duba tayoyi.

Gari na wayewa muna gonar tuffa, raɓa ta daskare a kan ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ya zaɓi gindin wata bishiya inda iska ke bugo mana fuska, ya zaunar da ni a bayansa. Ya fito da ƙahonnin kishiminsa na farko ya riƙa gwara su, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar maza biyu na faɗa a kan mace. Ya dakata. Ya sake. Ba a jima ba muka ji ana taka ganye da ƙarfi, irin takun mai neman rigima. Sai ga shi ya fito, tururi na fita daga hancinsa, gashin wuya a tsaye, yana neman wanda zai tunkuya.

Kawu ya ɗaga baka ya ja, kafaɗa ta ƙi. Tsirkiya ta zo rabi ta koma. Na ga zufa ta keto masa cikin wannan sanyi. Kishimi ya juya zai wuce. Kawu ya cije leɓe, ya ɗaga bakan sama ya sauko da shi da dukkan nauyin jikinsa, na ji wani abu ya yi ƙara a kafaɗar, ya ce Bismillahi, ya saki. Dabbar ta yi tsalle ta faɗa kurmi. Muka jira, jiran da ban taɓa yin mai tsawonsa ba, sannan muka bi jini. A bakin wani ɗan rafi muka same shi kwance, Kawu ya yanka da hannun hagu don na dama ya daina ɗaguwa. Sai ya miƙe ya kurma ihu, ya shiga kirari da sunan kakanmu da na dajin Falgore, hawaye na bin gemunsa, har mai gona ya fito da rigar barci yana tafi. Da muka samu inda waya ta kama, ya kira Taubashi ya ce, "Fito da bahon nan naka. Ka aro na maƙwabta."

Wannan ita ce fitarsa ta ƙarshe. Kafaɗar ba ta ƙara jan baka ba har Allah Ya karɓi abinsa bayan shekara uku, kuma ban taɓa jin ya yi nadama ba.

Da yamma falo ya cika, aka shimfiɗa leda, Taubashi da kansa yake fiɗa yana cewa shi dama bai taɓa shakka ba. Aka zo rabo. Kawu ya sa aka cire karfata, wato ƙafar gaba ta dama, aka ɗora a faranti. Ya ce a ƙauyenmu wannan ba ta maharbi ba ce, ba ta sarki ba ce, rabon wanda ya gano sawu ne, kuma maharbi da hannunsa yake kai masa. Na gyara zama, don a zatona ni ne. Ya ɗauki faranti da hannu ɗaya, ya wuce ni, ya wuce Liman, ya wuce Taubashi, ya nufi ƙofar kicin inda mata suka taru. Tsoho mai shekara sittin da bakwai ya durƙusa a gaban matarsa ya ɗaga faranti.

"Ga rabon mai sawu."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Malam, ni fa ban ce komai ba."

Ya ce, "Na sani. Shekara huɗu kina riƙe mini dokata ina wahala, kina wahala. Karɓi, hannuna ya gaji. Baɗi kuma in kin ga abu, ki faɗa."

Ta karɓa, 'yar Kumasi ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na juya na fuskanci bango don kada a ga idona.

Allah Ka jiƙan wannan maharbi, Ka yafe masa taurin kansa, Ka saukar da shi inda ba rami ba rufi. Ka ba Inna haƙurin zama bayansa.